Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin bankunan Najeriya, kafin ku sake kiran mitin kan cewa ma'aikata basa ƙoƙari

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Ina nufin ku manyan daraktocin bankuna, da 'yan kwamitin bankuna da kuke zama da gwamnan babban bankin Najeriya CBN, da ku shugabannin sashen kula da ma'aikata da kuke hedikwata a Legas da Abuja. Da fatan an wuni lafiya, ya aiki ya ƙoƙari.

Ni tsohon yaronku ne, shekara 12 nayi a banki a nan Kano, na fara daga kanta a matsayin kashiya ɗan kwantiragi a 2011, daga baya Allah ya taimake ni aka maida ni cikakken ma'aikaci aka tura ni maketin, a 2023 na ajiye aikin da hannuna. Bazan faɗi sunan bankin ba, ba dan tsoro ba, sai dan wlh duk kanwar ja ce, abokaina da ke sauran bankuna in muka zauna hira kamar mutum ɗaya ne ke bada labari.

Abin da ya sa na ɗauki waya nake wannan dogon rubutu, wani ƙanina ne ɗan ƙanwar mahaifiyata, shima kashiya ne yanzu a wani banki, ya turo min saƙon da aka saka musu a guruf ɗin WhatsApp na ofis. Wai an ɗauko wani ƙwararre daga Legas zai musu tarenin ranar Asabar daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 4 kan yadda ma'aikaci zai so aikinsa ya ƙara himma, zuwa dole ne, duk wanda bai zo ba kweri, wato takardar tuhuma, kuma ba kuɗin mota. Na karanta nayi dariya har matata ta leƙo tana tambaya ko lafiya, daga baya kuma dariyar ta koma min takaici, dan na tuna nima na zauna a irin wannan ɗakin, an raba mana ruwan roba da mitfai, wani mai kwat yana ta zane a allo yana ce mana mu ɗauki bankin kamar na ubanmu. Toh ranku ya daɗe, kuɗin da kuke biyan irin waɗannan ƙwararrun ku riƙe abinku, ni zan gaya muku kyauta abin da ke sa ma'aikacin banki ya tsaya yayi aiki da zuciya ɗaya da abin da ke kashe masa gwiwa, dan na zauna a kujerar, ba a littafi na karanta ba.

Mu fara da babban ciwon, kwantiragi. Ku shiga kowane reshe a Murtala Mohammed Way ko Bello Road ku kalli kanta, zaku ga yara huɗu ko biyar a jere, kaya iri ɗaya, kwamfuta iri ɗaya, layin kwastoma iri ɗaya, amma wataƙila ɗaya ne kawai a cikinsu ma'aikacin bankin, sauran wani kamfani ne ya ɗauko su ya baku haya. Aiki ɗaya suke, zagi ɗaya suke sha, amma ƙarshen wata ɗayan ya ɗauki ninki biyu ko uku na ɗan uwansa, shi yana da bonas da ƙarin girma da bashin ma'aikata mai sauƙi, ɗayan kuma ko hutun kirki ba shi da tabbas a kai, ranar da aka ga dama sai a kira shi a waya daga kamfanin da ko ofishinsu bai taɓa gani ba a ce kar ya fito gobe, shikenan. Ba ni na ƙirƙiro ba, alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS na 2019 sun nuna cikin ma'aikatan banki sama da dubu 100, sama da dubu 40 'yan kwantiragi ne. Kuma su ne fuskar bankin fa, su talaka yake gani in ya shigo, ba ku ba. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Shekara huɗu nayi a wannan halin, ina ƙirga miliyoyi da hannuna daga safe zuwa yamma, in na tashi na tsaya bakin titi ina cinikin adaidaita dan ragin naira hamsin. A unguwa kuwa ganin kitse ake wa rogo, an ganka da taye da katin wuya an ce ai wane banki yake aiki, duk wanda matarsa ta haihu ko aka koro ɗansa kuɗin makaranta ƙofarka zai fara bugawa, kai kuma kunya ta hana ka ce musu albashinka bai kai na wani mai shayi a bakin tasha ba.

Sai kuma wata muguntar da ke cikin abin wadda ba kowa ya sani ba. Ana ce wa ɗan kwantiragi yayi haƙuri yayi ƙoƙari za a maida shi cikakke, yaro ya shigo da OND yana shekara 22, ya dage yana aiki yana karatun ƙarshen mako, ga yajin aikin ASUU, na 2022 kaɗai wata takwas aka yi, kafin ya samu digiri ya wuce 27, ranar da aka buɗe jarrabawar sai a ce ai shekarunsa sun wuce ƙa'ida, a ɗauko sabon yaro daga waje wanda bai san komai ba a ɗora shi a kansa, kuma a ce shi zai koya masa aikin. Dan Allah wane tarenin ne zai gyara zuciyar wannan bawan Allah? Ni na tsallake ne da wata uku kacal, da takardar haihuwata ta nuna wata uku gaba da yanzu wani labarin ake.

Bari in baku labarin dare ɗaya, dan ku gane me ake nufi da tsoro. Wata ranar Litinin ce bayan sallah, 'yan kasuwa sun kwaso cinikin sallah sun kawo, tun ƙarfe 8 ban ɗaga kai ba, kuɗi a buhu, kuɗi a leda, wasu da ɗanshin gumi wasu da warin kifi, injin ƙirgan da aka bani kuma ya tsufa, in ka saka rafa ɗaya sau uku sai ya baka lissafi uku. Ƙarfe 5 na zo balansin naga shoti, wato kuɗin hannuna sun gaza lissafi da naira dubu 50, a lokacin ya kusa albashina na wata gaba ɗaya. Na sake ƙirgawa, na kwance kowane bandir, na bi takardun ajiya ɗaya bayan ɗaya, aka kira magariba ina nan, aka kira isha'i ina nan, shugaban ofareshan yana tsaye a kaina yana duba agogo yana cewa shi fa yana da iyali, masu gadi suna leƙe, ni kuma zufa har cikin takalmi, ba kuɗin ne kawai ke raina ba, sunana nake ji, a ce ɗan gidan wane ya ci kuɗin banki. Sai wajen ƙarfe 10 na gano ashe wani ɗan kasuwa ne ya rubuta adadi a takarda ya kawo ƙasa da shi, ni kuma cikin cunkoso na shigar da abin da ya rubuta. Washegari na bi shi har rumfarsa a kasuwar Singa, Allah ya saka masa da alheri, ya duba littafinsa ya ce gaskiya ne ya ƙirgo ya bani. Kun san me na samu daga ofis? Kweri, kan na ɓata wa reshe lokacin rufewa. Injin kuwa sai da ya ƙara shekara guda a kan teburin. Tun daga ranar na rage sauri, in layi zai kai titi ya kai, sai na ƙirga sau biyu da hannu, sai kuma aka fara rubuta min a afrezal, takardar auna ƙwazon ma'aikaci, wai ina da nawa wajen aiki. An bar jaki ana dukan taiki.

Yanzu mu zo kan taget, wanda shi ne ubangidan kowa a banki. Ni ban ce a daina sa wa ma'aikaci taget ba, ko yaron shago maigidansa yana duba cinikin da ya kawo, amma a duba waye ke yanka taget ɗin kuma da wace wuƙa. Wani yana zaune a bene na sha biyar a Victoria Island a Legas, bai taɓa taka Kantin Kwari ba, bai san Dawanau ba, ya buɗe kwamfuta ya raba lamba, reshe kaza ku kawo biliyan kaza, manaja ya raba wa yaransa, sai ka wayi gari an ce ka kawo ajiyar miliyan 300 cikin wata uku da sabon akawun ɗari da kati da POS da manhajar waya, kai da ko mashin ba ka da shi. Kasuwarmu ba irin ta Legas bace. Ɗan kasuwar Kwari kuɗinsa baya kwana, yau ya shigo gobe ya tafi China ko Dubai ya zama kaya, ɗan Dawanau lokacin kaka kwashe komai yake ya sayi hatsi ya zuba a sito, dole akawun ya bushe daga Oktoba zuwa Janairu ko waye maketansa, wannan kowane yaro a Kano ya sani amma lambar da ta zo daga hedikwata bata san kaka ba bata san bazara ba. Ga kuma maganar riba, kaje wajen Alhaji da tallan ajiyar da za a kulle masa a bashi ruwa a kai, ya kalle ka ya ce yaro kai ba musulmi bane? Ka kawo masa bashi ya ce Allah ya tsare shi. Ai ba banza ba bankunan da ba ruwa suka fito, Jaiz ta fara aiki a 2012, TAJ ta biyo a 2019, Lotus a 2021, mutane ne ke son hulɗa ba ruwa. Ma'aikacin da aka ba kayan da kasuwarsa bata so sannan aka ce ya gaza, gazawar ta waye?

Kuma ku tuna 2015 da gwamnatin Buhari ta tilasta asusun bai ɗaya TSA, aka kwashe kuɗin ma'aikatun tarayya daga bankunan kasuwanci aka kai CBN, manyan akawun da wasu rassa suka dogara da su suka tafi dare ɗaya, amma taget bai sauka ba, sai ma hawa yayi dan a cike gurbin, shekara ta zagayo aka shiga sallamar mutane har sai da ministan ƙwadago na lokacin Chris Ngige ya fito a 2016 yana gargaɗin bankuna su dakata. Mu da muke ciki mun ga yadda ake yi, ba a cewa an kore ka, sai a kira ka a ce ka rubuta rizain da kanka dan kar takardarka ta ɓaci.

Mitin ɗin safiyar Litinin kuwa ba mitin bane, kotu ce. Ƙarfe 7 kowa ya hallara, a haska sunaye a bango, kore da ja, wanda ke ja ya miƙe tsaye, magidanci mai 'ya'ya huɗu da furfura a gemu ana masa tsawa a gaban yaran da ya koya wa aiki, ana tambayarsa ko albashin da yake ci halal ne. Na ga babban mutum ya fita daga wannan ɗakin ya shiga bayi ya daɗe, da ya fito idonsa jawur ya ce mana wai mura ce. Me kuke tsammani zai biyo baya? Dabara. Ranar 30 ga wata a roƙi Alhaji ya turo miliyan 50 ta kwana biyu, a ɗauki hoton lamba a tura hedikwata, ranar 2 ga wata ya kwashe abinsa. A buɗe wa ƙanne da 'yan unguwa da almajiran gida akawun da ba za a taɓa saka sisi ba dan dai adadi ya cika. Ku kuna can kuna tafi lamba tayi kyau, mu muna nan mun san iska ce. Kuma wanda ya saba da ƙaramar dabara dan ya tsira da aikinsa, ga yunwa ga miliyoyi a gabansa ga ba tabbas ɗin gobe, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ban ce uzuri bane, ɓarawo ɓarawo ne, amma kafin ku ƙara kyamara da oditoci ku duba tsagewar.

Abin da yafi ci min rai shi ne na 'yan uwanmu mata. Yarinya 'yar mutunci ta gama jami'a, iyayenta sun yarda da ƙyar tayi aikin banki, a ɗora mata taget ɗin da ko namiji mai shekara goma a kasuwa bazai iya ba, in ta dawo ta ce wane ya ce sai dai ta same shi a otal ƙarfe 9 na dare, maimakon oga ya ɗauki waya ya ja wa mutumin layi sai ya ce mata ke dai ki san yadda zaki yi, lamba nake so. Ba a ce mata taje ba, ba a kuma ce kar taje ba, an bar ta a tsakiya. Wata abokiyar aikina da ta fi mu duka ƙwaƙwalwa, ita ke gyara mana takardun bashi, wannan ne ya kore ta, yanzu atamfa da leshi take sayarwa a Instagram. Kuma ku sani wannan ne ya sa har gobe gidaje da yawa a arewa basa barin 'yarsu ta shiga banki, sannan ku dawo kuna taro a otal kan yadda za a jawo matan arewa su buɗe akawun. Wa zai shiga cikin gida ya same su in ba mace 'yar uwarsu ba?

Sai canjin kuɗi. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan CBN na lokacin Godwin Emefiele ya sanar za a canza takardun naira 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sai ranar 3 ga Maris kotun ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da yawo. Ba mu muka yanke hukuncin ba, ba mu muka buga kuɗin ba, amma mu muka tsaya a gaban jama'a. Ana kawo wa reshe kuɗin da ko mutum ɗari biyu bazai isa ba alhali a bakin get akwai sama da dubu tun asuba, wata tsohuwa ta riƙe min hannu ta cikin ƙarfen get tana cewa ɗana jikana na asibiti naira dubu biyar kawai nake so cikin kuɗina, ni kuma bani da ita, aljihuna na taɓa na bata dubu biyu tsofaffi da ban ma san ko za a karɓa ba. A Ibadan da Warri da Benin har ATM da rassa aka farfasa aka ƙona, kowa ya ga bidiyon ma'aikata suna haura katanga. Mu a nan cire taye da katin wuya muke kafin mu fita, mu bi ta ƙofar baya, a masallacin unguwa ana kallonka kamar kai ka ɓoye kuɗin a ƙarƙashin gado. Ban musa ba akwai manajojin da suka ci amana suka karkatar da sababbin kuɗi wa manya, amma yaron kanta me ya ci? Asabar da Lahadi muka yi ta fita aiki. Da ƙura ta lafa na zata ko takardar godiya za a turo, ko hutun kwana uku, sai ga imel cewa ajiya ta ƙaru saboda haka an ɗaga taget na zango na biyu. Ranar na fara rubuta takardar ajiye aiki a zuciyata.

Maganar albashi bazan ja ta ba dan kun fi ni sani. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024, har gwamnati ta maida mafi ƙarancin albashi dubu 70. A daidai wannan lokacin da aka saki naira ta faɗi, bankuna suka ci ribar canjin dala da ba a taɓa gani ba, har akwai waɗanda ribarsu ta 2024 ta haura tiriliyan ɗaya. Gaskiya wasunku sunyi ƙarin albashi, ba zan ci haƙƙinku ba, amma ku bincika nawa ne ya gangaro har kan ɗan kwantiragi da direba da mai shara bayan kamfanin da ya kawo su ya yanki nasa. Ku kuma bincika ko kuɗin fanshonsu na shiga, dokar 2014 ta ce mai aiki ya saka kashi 8 wanda ya ɗauke shi ya saka kashi 10, da yawa in suka duba asusun sai su ga wata da watanni ba komai.

Ga ƙananan abubuwa da baku ɗauka komai ba. Netwok ya ɗauke tun safe, kwastoma ya tura kuɗi an cire basu je ba, yarinyar da ke teburin ƙorafi ita zata sha zagin uwa da uba alhali ko ikon mayar da naira ɗaya bata da shi, sai dai ta tura Legas ta jira. Sai a saka mitin na Zoom ƙarfe ɗaya da rabi ranar Juma'a, ko ƙarfe 6 na yamma a watan azumi, mutum na sha ruwa da dabino ɗaya a gaban kwamfuta. Ka fita gida yara na barci ka dawo suna barci, ɗana na fari sai da ya shekara uku yana ƙyuya in na ɗauke shi. Hutun shekara kuwa yana nan a takarda, amma wayarka bata hutu.

Amma dan kar ku ce ƙorafi kawai na iya, bari in faɗi lokacin da nafi kowane lokaci aiki a rayuwata. Shekara biyu muka yi da wani manaja, ba ma Bahaushe bane, mutumin kudu ne amma ya daɗe a Sabon Gari yana jin Hausa kamar jakin Kano. Bai ƙara mana ko kwabo ba dan ba shi da ikon haka. Abin da yake yi kawai, in taget ya zo sai ya zauna da mu ya ce wa ya san 'yan hatsi, wa ya san 'yan waya na Farm Centre, wa ya san 'yan ƙarfe na Ƙofar Ruwa, ya raba gwargwadon inda kowa ke da ƙafa, in an kira shi daga sama ana masifa shi yake shanyewa baya sauke mana, in kayi kuskure ofishinsa zai kira ka ya rufe ƙofa, in kayi abin kirki kuwa a gaban kowa zai faɗa har ya rubuta sunanka a imel zuwa ofishin shiyya. Da mahaifina ya rasu har ƙofar gidanmu ya zo ya zauna a tabarma da mutane, bai san me ake karantawa ba amma ya ɗaga hannu. Shi ya rubuta takarda sau uku har aka maida ni cikakke. Wlh a lokacin in ya ce mu kwana a ofis zamu kwana, kuma reshenmu ya fita daga ja ba tare da akawun bogi ko ɗaya ba. Daga baya aka ɗauke shi aka kawo mai tsawa, cikin wata shida mutum huɗu suka tafi, biyu da manyan kwastomominsu, dan ɗan kasuwar Kano ba banki yake bi ba, mutum yake bi. Abin tambaya anan, a tsarinku na ƙarin girma wanne ake ɗagawa cikin waɗannan biyun? Mu dai abin da muka gani mai tsawar ne ya zama manajan shiyya.

Kuma yanzu ba da bane da ma'aikaci ba shi da wurin zuwa. Yaranku na sashen kwamfuta sun watse Ingila da Kanada, ku da kanku kun san me ya faru da manhajojinku bayan tafiyarsu. Na ƙasa kuma OPay da Moniepoint da PalmPay na ɗauka, wasu kamar ni sun buɗe rumfar POS, ni yanzu ina da guda uku da yara biyar, ban yi kuɗi ba amma ina sallar magariba a unguwarmu. Waɗanda suka rage kuma hankalinsu ba a kwance yake ba, tunda a Maris 2024 CBN ƙarƙashin gwamnanta Cardoso ta ce bankuna su ƙara jari, biliyan 500 ga masu reshe a ƙasashen waje, biliyan 200 na ƙasa, biliyan 50 na shiyya, wa'adi 31 ga Maris 2026, duk wanda ya san tarihi ya tuna 2005 lokacin da Soludo ke gwamnan CBN da bankuna 89 suka koma 25, an san su wa aka fara zubarwa in aka haɗe. Ga bankin Heritage da aka soke lasisinsa a Yunin 2024, ma'aikata suka wayi gari ba aiki. Mutumin da kullum yake tunanin ko shi ne na gaba, rabin hankalinsa na kan kwastoma rabi na kan neman wani aikin.

Ku 'yan CBN, a Mayun 2020 lokacin korona ku da kwamitin bankuna kun fitar da sanarwa cewa ba bankin da zai sallami ma'aikaci, cikakke ko na kwantiragi, sai da amincewarku, kenan in kun so kuna iyawa. Toh a saka ƙa'ida, duk wanda ya shekara uku a kanta yana taɓa kuɗin jama'a ko dai a maida shi cikakke ko a faɗa masa gaskiya tun yana da sauran shekaru, kuma shekarun da za a duba su zama na ranar da ya shigo ba na ranar jarrabawa ba. Taget kuma a bar manajan shiyya da ya san kasuwar ya sa baki kafin a yanka. A samar da layin da mace zata kai ƙara ba tare da ya bi ta teburin ogan da take ƙara ba. Ku kuma ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatan banki, ASSBIFI da NUBIFIE, yaran kwantiragi da yawa ko sunanku basu taɓa ji ba, wasu tsoron ma ambaton ƙungiya suke dan kar a kira su a waya, ku fito daga ofis ku zo rassa.

Ƙanin nawa dai yaje tarenin ɗin, ya ce an basu mitfai da biro mai tambarin banki, an ce su rubuta burinsu na shekara biyar a takarda su liƙa a bango. Na tambaye shi me ya rubuta, ya ce yaya me zan rubuta, watan Nuwamba zan cika 27.

Naku,
tsohon kashiya, daga Kano.